Ba A Ƙirga Lahadi

Ranar Larabar Toka na yi wa Mama alkawarin, tokar da Fada, limamin cocinmu, ya shafa mini tana nan a goshina ko kaɗewa ba ta yi ba.

Mama surukata ce, mahaifiyar mijina da ya rasu shekara uku da suka wuce. Shi kaɗai ta haifa. Ni kuma iyayena sun riga shi tafiya, don haka da aka binne shi babu wadda ta tambayi 'yar'uwarta komai, muka ci gaba da zama a gida ɗaya, ita da ɗakinta, ni da nawa, shi ma da nasa. Har yau Mama tana share ɗakin nan kowace safiya, tana kaɗe rigar mawaƙansa da ke rataye a bayan ƙofa.

Da muka dawo daga coci ta zauna a falo, ba ta ko cire takalmi ba.

"'Yata, maganar mai waldan nan."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Mai walda ya zo gyaran ƙofar cocinmu ne bara, tartsatsi ya ƙona masa hannun riga, ya tsallako titi ya kawo shagon ɗinkina. Tun daga ranar rigunansa ba su daina ƙonewa ba, har na fara zargin da gangan yake miƙa wa wutar hannu. Kirista ne, amma a cocinsu ba a shafa toka, ba a yin wannan azumi namu. Wata biyu da suka wuce ya ce yana so ya aure ni.

"Ba na ce kada ki yi aure ba," in ji Mama. "Ga malamin waƙa nan, ɗan cocinmu, ya san mu mun san shi. In shi ne, ko gidan nan ba sai kin bari ba."

Malamin waƙa shi ya gaji mijina a gaban mawaƙa. Inda marigayi yake tsayawa nan yake tsayawa, kuma da hannun hagu yake ba da kiɗa kamar shi, yadda aka koya masa. Abin da ya sa Mama take son sa, shi ne ya sa ba na iya ɗaga ido in kalle shi.

"Mama, ba na son sa. Mutumin kirki ne, amma ba na son sa."

"Shi wancan ɗin kike so."

Sai ta fara kuka, irin kukanta marar sauti, hawaye suna bin tokar da ta zubo mata a gefen hanci.

"Cikin azumi ɗana ya tafi. Ranar Juma'a, yana hanyar zuwa Hanyar Gicciye. Kin manta?"

"Ta yaya zan manta, Mama?"

"To ki ba ni azumin nan. Kowa yana barin abin da yake so, wani nama, wani sukari. Ke ki bar mutumin nan kwana arba'in. Kada ki gan shi, kada ki ji muryarsa, kada ki rubuta masa. In arba'in ta cika zuciyarki tana wajensa, da hannuna zan sa miki albarka."

Na ɗauki alkawari. Kuma ban tsaya a nan ba, da yake ni ba na yin abu rabi, sai da na koma coci na durƙusa gaban bagade na maimaita shi.

Da rana na je rumfar mai waldan na gaya masa. Ya ɗaga gilashin walda ya maida shi goshi, ya daɗe yana kallona.

"Telata, ni aka maida nama ke nan?"

Na yi dariya ina hawaye. Sai ya gaya mini abin da ya ɓoye. Wani kamfani mai gina gada a can nesa yana neman sa, aikin shekara biyu, ya yi ta ja musu rai saboda ni.

"Ga yadda za a yi," ya ce. "Ranar da arba'in ta cika zan tsaya a bakin ƙofar cocinku, wadda na gyara. In kin zo wajena, in yaga takardarsu. In ba ki zo ba, na ji amsa, ba zan sa ki faɗa da bakinki ba. Yau ɗaya ke nan?"

"Yau ɗaya."

A gabansa na toshe lambarsa a wayata, na juya na tafi.

Ni na san ranar, Asabar ce, jajibirin Ista. Duk wanda ya tashi a cocinmu ya san ba a ƙirga Lahadi a cikin arba'in ɗin, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi a cikinta. Tsallake ta ake yi. Ni da ba na sa almakashi a yadin mutum sai na sake tambayarsa tsawon da yake so, ban tambayi mutumin da zan aura wace rana yake nufi ba. Ban ga abin tambaya ba, kuma har gobe haushin kaina nake ji.

Makonnin suka yi ta ja kamar ba sa son wucewa.

Tun da na daina ganin mai rai, sai mamacin ya matso kusa. Ranar Juma'a da ƙarfe uku, in muna bin Hanyar Gicciye muna durƙusawa a gaban kowane hoto, sai in ji muryarsa a cikin mawaƙa, ƙasa-ƙasa, daidai bayan kunnena. In na waiwaya, malamin waƙa ne. A gida kuma ƙamshin man gashinsa ya dawo, man da ya ƙare tun shekara uku. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida, Mama sai ta ɗaga kai daga carbinta, ni ma na kama kaina ina ɗagawa.

A mako na biyar aka rufe gicciye da siffofin tsarkaka da ƙyalle shunayya, kamar yadda ake yi kafin Ista. Ni na ɗinka ƙyallayen, na san kowace kalmasa a jikinsu. Amma da na shiga coci da rana in gyara wanda ya zame, babu kowa sai ni, na ga mutane tsaitsaye a jikin bango an lulluɓe musu kai, sai na tsaya cak. Na bakin taga tsawonsu ɗaya da mijina, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka kamar tasa. Na bar ƙyallen a zame na fita.

Malamin waƙa ya fara zuwa gida duk Laraba, wai duba Mama. Yakan zauna a kujerar marigayi, Mama ta kawo masa shayi a kofin marigayi. Ni kuma in zauna ina yi wa maɓalli ɗaya ɗinki na uku.

"Kin rame," ya ce mini wata rana.

"Azumi ne, malam."

"Azumi ba ya sa ido ya kumbura."

Ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ranar Lahadin Dabino, a lissafina saura kwana shida. Mun taru a waje kowa da ganyensa a hannu, muka jero za mu shiga coci muna waƙa. Rana ta yi zafi, malamin waƙa ya matso ya buɗe mini lema, Mama tana gefe tana murmushi.

Sai na gan shi.

Mai waldan yana tsaye a bakin ƙofar ƙarfen da ya gyara, cikin farar riga mai guga, ya yi aski. Da farko na ɗauka idona ne ya sake yi mini irin abin da ya saba. Amma inuwarsa tana ƙasa, mutane suna kauce masa.

Zuciyata ta yi tsalle, sannan haushi ya biyo baya. Na ce a raina, bawan Allah, kwana shida kacal ka kasa haƙuri? Kwana talatin da huɗu na yi ina haɗiye kuka, yanzu za ka zo ka zubar mini da su a bakin ƙofa? Idonmu ya haɗu. Ya ɗan ɗaga hannu, bakinsa ya fara murmushi.

Na kau da kai. Na sunkuyar da fuska a ƙarƙashin lemar wani, na wuce ta gabansa har gefen zanena ya kusa taɓa takalminsa, ina ta yabon kaina a zuci wai na ci jarrabawa.

Da aka tashi sujada na bi ta ƙofar baya.

Da la'asar ina kwance a ɗakina kaina yana sara, aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Sau uku, a hankali, irin na marigayi in ya manta makulli. Na ja bargo na rufe kai da rana tsaka. Na ji takun Mama ta fita, ta daɗe, ta dawo.

"Mama, wane ne?"

"Ba kowa. Ki yi barcinki."

Na yarda, domin a gidanmu ba kowa ma yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Daga ranar Mama ta canza. Litinin ba ta share ɗakin ɗanta ba. Laraba ta je furta zunubi, ta daɗe a wajen Fada har masu jiran layi suka fara duba agogo, ta fito idanunta jawur. Alhamis, da aka kwashe kayan bagade aka bar shi tsirara, aka kashe kyandirori, ƙararrawa ma aka daina kaɗawa, ta riƙe hannuna gam har zobena ya shige mini fata. Na ɗauka ɗanta take tunawa.

Ranar Juma'a Mai Tsarki muka shiga layin sumbatar gicciye, tana gabana, ba takalmi a ƙafarta. Da layi ya zo kanta ta durƙusa, ta kai bakinta kusa da itacen, ta tsaya. Mai riƙe da gicciyen ya jira, mai goge shi da farin ƙyalle ya jira. Sai ta miƙe ba ta sumbata ba, ta bi ta tsakiyar coci ta fita, ta bar takalmanta a ƙarƙashin benci.

Na kwashe su na bi ta a guje.

A falo na same ta, a ƙasa, inda na zauna ranar Larabar Toka.

"Mama, lafiya? Ko azumin ne? Bari in kawo miki ruwa."

"Zauna. Kada ki ce mini Mama sai kin gama ji."

Na zauna, takalmanta suna hannuna.

"Ranar Lahadi da aka ƙwanƙwasa, shi ne."

"Na gan shi a coci, Mama. Haƙuri ya kasa, ni kuma na riƙe miki alkawari, ko kallo na biyu ban yi masa ba."

"Ba haƙuri ya kasa ba, 'yata. Arba'in ɗinsa ce ta cika."

Ban gane ba, sai da ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa.

"Shi bai san ana tsallake Lahadi ba. Wa zai gaya masa? A kalanda ya ƙirga, rana bayan rana. Daga Larabar Toka zuwa Lahadin Dabino, arba'in cif. Ya ce mini tun ƙarfe shida yake tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, Mama, ta gan ni ta kau da kai, wani yana riƙe mata lema. Ya ce ya yi alkawari ba zai sa ki faɗa da baki ba, amma ƙafarsa ta kawo shi."

Takalman suka faɗi daga hannuna.

"Me kika ce masa?"

"Yana rufe baki na gane kuskuren. Kalma huɗu ce ta rage in faɗa, ba a ƙirga Lahadi. Tana kan harshena." Ta dafe ƙirji. "Sai na waiwaya na ga ƙofar ɗakin ɗana a buɗe, na ga gidan nan in kin tafi, ni da rigarsa. Na ce masa, ai ka ga amsarka da idonka."

"Mama."

"Ban yi masa ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Ya durƙusa ya yi mini godiya. Godiya fa. Ya ce in kula da ke, ba kya cin abinci in kina fushi."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza.

"Kwana biyar, Mama. Kwana biyar muna cin abinci a tebur ɗaya, kina kallona ina ƙirga kwanaki, kina ji ina cewa saura huɗu, saura uku."

"Ina ji."

"Na bar miki shi da zuciya ɗaya. Ban taɓa buɗe wayar nan in duba ba. Da kin ce kada in yi aure har abada, da ya fi mini sauƙi, aƙalla na san da wa nake faɗa."

"Na gaya wa Fada ranar Laraba. Bai tilasta ni ba. Cewa ya yi gafarar Allah tana nan, amma abin da na ɗauke miki yana hannuna har yanzu, in san yadda zan yi da shi. Na ce bayan Ista. Yau na kai bakina jikin gicciye na kasa." Ta kama ƙafata da hannu biyu. "Ni na ɗaure ki, na kwance ki. Tashi ki je."

"Saura kwana ɗaya. A gaban bagade na yi alkawarin."

"Alhakin yana wuyana. Ki je, 'yata."

Ban ce na yafe mata ba. Ban ce ban yafe ba. Na zare ƙafata daga hannunta na fita, ɗankwalina a hannu.

Rumfarsa a rufe take, babu injin, babu ƙarafan da ke jingine a bango, sai baƙin tabon wuta a siminti. Na wuce gidan da yake haya. Matar mai gidan tana shanya a tsakar gida, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke ce telar?"

"Ni ce."

"Kin makara, baiwar Allah. Tun Litinin da safe ya tafi."

Ta buɗe mini ɗakin ba tare da na roƙa ba, ina jin so take in ga aikina. Gado babu katifa, ƙusa babu riga. Kalanda kawai ya bari a bango, ya bi kowace rana ya ja mata layi da baƙin alƙalami, Lahadi da Litinin duk ɗaya. A kan ta ƙarshe ya zana da'ira, ya maimaita ta har takardar ta huje.

Na zauna a bakin katakon gadon, na ciro waya na buɗe lambarsa. Don sauri sai da na kira wani daban, na ba shi haƙuri na sake.

Ta yi ƙara sau biyar. Aka ɗauka, babu sallama, sai ƙarar injina da bugun ƙarfe a can baya.

"Ni ce," na ce.

"Na sani."

"Ba a ƙirga Lahadi."

"Me?"

Na yi masa bayani, ina kuka ina ƙirgawa, Lahadi shida, arba'in ɗinmu sai gobe Asabar take cika. Na gaya masa abin da ya sa na kau da kai, da lemar da ban roƙa ba. Maganar Mama ce kawai ban faɗa ba, shi ma bai tambaya ba, ko da yake na san ya gane.

Na ji ya matsa nesa da ƙarar.

"Wato ranar nan alkawari kike riƙewa."

"Shi nake riƙewa."

"Ni kuma na tsaya kamar gunki cikin farar riga." Ya yi wata dariya da ba ta kai ƙarshe ba. "A lissafinku saura nawa?"

"Ɗaya."

"Kin karya ke nan."

"Na karya."

Na ji ya ja numfashi.

"Telata, ranar Talata na sa hannu a takardar. Ba a fita sai an gama gadar, kuma wurin ba na kawo iyali ba ne, mu takwas ne a ɗaki. Shekara biyu. A nan har da Lahadin ake ƙirgawa."

"Na ji."

"Ba zan ce ki jira ba. Ba ni da bakin faɗar haka, ni da na kasa jiran kwana shida."

"Ba ka sani ba ne."

"Za ki iya?"

Na ce masa zan iya. Na faɗa sau biyu don ya ji da kyau, har wani ya kira shi daga nesa ya ce sai ya sake kira.

Sai da wayar ta mutu a hannuna, matar mai gidan ta kaɗa makulli a bakin ƙofa tana jira in tashi, sannan na tuna gidan da zan koma in yi shekara biyun.